KUFAN JIYA DA KUFAN YAU: Daga 'Yandoto Zuwa Durɓi Ta Kusheyi

Na san da yawanku kun leƙo ne domin ku ga ci gaban labarin da muke ciki, to amma ina neman afuwarku, a wannan makon alƙalamina ya ƙi bin hanyar soyayya. Dalili kuwa shi ne wata magana da Kawuna ya faɗa mini ta waya, wadda ta hana ni barcin kirki har kwana biyu.

Shi wannan Kawu nawa mutumin wani ƙauye ne a yammacin Faskari. Ya daɗe yana zaman haya a Funtuwa shi da iyalinsa, tun daren da 'yan bindiga suka tashe su. Bayan zaman sulhun da aka yi a 2025, sai ya yi ƙundunbala ya hau babur ya je ya dubo gida. Da na tambaye shi yadda ya sami garin sai ya yi shiru, can ya nisa ya ce, "Ɗan nan, ka tuna wurin nan da na taɓa kai ka gaba da Tsafe? To haka garinmu ya koma. Ciyawa ta cinye masallaci. Ban gane ƙofar gidana ba sai da na yi kwatance da kukar bakin rijiya."

Na tuna wurin sarai. Kufan 'Yandoto yake nufi.

A 2009 muka yi wannan tafiya. Lokacin ban daɗe da fitar da littafina na biyu ba, ina ji da kaina, gani nake duk Ƙanƙara babu wanda ya kai ni sanin duniya. Shi kuwa Kawu fataucin hatsi yake yi, ya ce in raka shi Tsafe. Muka tashi daga Ƙanƙara da sassafe, muka sauka Sheme, muka canja mota muka kama titin da ya taso daga Funtuwa zuwa Gusau, muka wuce 'Yankara da Wanzamai. A wancan zamanin babban abin da matafiyi yake ƙorafi a kansa a wannan hanya shi ne ramuka da gudun direbobi. Da ya gama cinikinsa sai ya ce, "Kai da kake rubuce-rubuce, zo in nuna maka garin da ya fi ka rubutu."

Ni a zuciyata na ɗauka zan ga dogayen gine-gine da ginshiƙai irin waɗanda muke gani a finafinan Indiya. Da muka bar kwalta, wani dattijo manomi ya shige mana gaba, abin da na tarar shi ne gonaki, da manyan kukoki tsaye nan da can, da wani dogon tudu da ya miƙe kamar ƙatuwar kunya, wanda dattijon ya ce ragowar ganuwa ce. Raina ya ɓaci. Na dubi Kawu na ce, "Haba Kawu, ai wannan gona ce." Dattijon ya ji ni. Bai yi fushi ba, sai ya nuna ƙafata da sandarsa ya ce, "Yaro, duƙa ka ɗauki abin da ka taka." Na duƙa na ɗauko wani tsingaro mai ɗan zane a bakinsa. Ya ce, "Wata ta gina wannan tukunya, wata ta saye ta, wasu sun ci tuwon da aka tuƙa a ciki sannan suka tafi makaranta. Duk damina garmata sai ta tono irinsa." Na ce, "Baba, ina mutanen suka tafi?" Ya ce, "Inda mutane ke tafiya in gari ya ci wuta."

Sai bayan na dawo gida na shiga tambaya da karance-karance sannan na san irin ƙasar da na taka da takalmina ina raina ta. Kafin jihadi 'Yandoto tana cikin ƙasar Katsina, kuma tana cikin manyan garuruwan malamai na ƙasar Hausa, almajirai suna zuwa daga nesa domin ɗaukar karatu. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bayaninta a littafinsa na tarihin Katsina wanda ya fito a 1981. Da aka fara jihadi a 1804, malaman garin ba su bi sahun jama'ar Shehu ba. A shekarun farko na yaƙin Muhammadu Bello ya iso da runduna, aka nemi a daidaita ta hanyar magana abin bai yiwu ba, daga ƙarshe aka ci garin da yaƙi, mutanensa suka watse. Abin da bakin tsofaffi ya riƙe har yau shi ne an yi asarar littattafai masu yawa a wannan rana. Ni ba alƙali ba ne tsakanin magabata, kuma ban isa ba; malamai ne a wannan ɓangare, malamai ne a wancan. Abin da ya dame ni shi ne garin da aka san shi da tawada da takarda ya koma wurin da jikan Bahaushe mai kiran kansa marubuci zai tsaya a kai ya ce gona ce. Sunan dai bai mutu ba, domin kuwa sarautar Sarkin Tsafe 'Yandoto ce, ga kuma garin 'Yandoton Daji a bakin titi. Amma tambayi ɗaliban sakandare goma a Ƙanƙara ko Sabuwa me suka sani game da shi, ka ji amsar da za ka samu.

Wannan kufai shi ya ja ni zuwa wani wurin. A cikin labarin kafuwar sarautar Katsina ana cewa Muhammadu Korau, Sarkin Katsina Musulmi na farko, mutumin 'Yandoto ne. Kafin shi Durɓawa ke mulki, tun daga Kumayau har zuwa Sanau. Yadda ake ba da labarin, Korau baƙo ne kuma abokin Sanau, ya sami sirrin ƙarfinsa ta hannun matarsa, ya kayar da shi a kokawa a gindin tsamiya, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Har yau fadar Katsina Gidan Korau ake kiran ta, kuma takobin nan Gajere yana cikin kayan sarauta. To su waɗannan Durɓawa da baƙon 'Yandoto ya karɓe wa mulki, ina kaburburansu? Suna Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina. A taswira akwai nisa ƙwarai tsakanin wuraren biyu, amma a cikin labari maƙwabtan juna ne, ɗaya ba ya cika sai da ɗayan.

Shekara biyu bayan tafiyar farko na je Katsina ɗaurin aure, na saci jiki na nufi can. Wannan karon na riga na yi hankali, ban sa ran ganin bene ba. Tuddai ne na ƙasa a cikin fili, wanda bai sani ba zai wuce su yana zaton suri ne ya girma. Amma abin da aka samu a cikinsu ya isa ya sa mutum ya cire hula ya yi tagumi. A 1907 wani jami'in Turawan mulki, H. R. Palmer, ya fara tona su a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda shi kansa sarautar Durɓi ya riƙe kafin ya zama Sarki. A 1992 aka sake tona uku daga cikinsu, da haɗin gwiwar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da masana daga Jamus. An sami 'yan kunne da zobe na zinari, da mundaye na tagulla, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun tsakiya, da wuri, da wata tasa ta ƙarfe mai ado wadda masana suka ce daga ƙasashen Larabawa na gabas ta fito. Binciken ya nuna kaburburan sun kama tun daga wajen ƙarni na 13 har zuwa na 16. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka baje kolinsu a 2011, aka dawo da su Nijeriya a 2014.

Mai karatu, ka tsaya ka auna wannan. Wuri daga tekun Indiya yake fitowa. Ke nan shekaru ɗaruruwa kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar nan, akwai hanyar da take ɗauko kaya daga can ƙarshen duniya, ta ratsa Sahara a bayan raƙumi, ta sauke a ƙasar Katsina. Ni da na ga hoton wannan tasa sai na tuna tasoshin kakata da take jerawa a ɗaki, waɗanda muka sayar wa masu gwangwan a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba, saboda a ganinmu tarkace ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma da kaina zan fara, don kada a ce na ga ƙwayar idon wani. Na rubuta littattafai da dama. A cikinsu na kai jarumaina Dubai, na kai su Landan, na sa su hutun amarci a Malesiya, ƙasashen da ko filin jirginsu ban taɓa gani ba. Na ƙera gidajen da ko ɗakin maigadinsu ya fi gidanmu. Amma ban taɓa sa wata Hajara ta ɗebo ruwa a rijiyar 'Yandoto ba, ban taɓa tambayar kaina abin da matar Sanau ta ji a ranta ranar da ta ga mijinta a ƙasa ba. Alhali kuwa ga soyayya, ga cin amana, ga kishi, ga mulki, duk kayan miyar da muke nema, an riga an jera mana a faifai. Waɗanda suka share mana fagen nan ba haka suka yi ba. Cikin littattafan gasar 1933, Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa duk daga tarihin ƙasar nan suka ɗebo ruwa, kuma har gobe ana karanta su.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su a taron marubuta.

Wasu za su ce kufai matattarar aljanu ce, kaburburan Durɓawa kuma na mutanen da ba su yi salla ba ne, me Musulmi zai je nema? Ni ba malami ba ne, amma a makarantar allo da ta dare an karantar da mu cewa Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Ban je Durɓi neman tubarraki ba, ban roƙi kowa komai ba. Na je na ga inda mai zinari ya kwanta da zinarinsa, ƙasa ta rufe su tare, har sunansa ya ɓace. Ban taɓa jin wa'azin da ya shige ni kamar tsayuwar nan ta rabin sa'a ba.

Wasu za su ce tarihi aikin masu digiri ne, mu 'yan sakandare mu tsaya inda Allah ya ajiye mu. Gaskiya ne ba mu iya auna shekarun ƙashi ba, kuma ba na goyon bayan kowa ya ɗauki diga ya je tonon kufai; wannan ɓarna ce, sata ce ma, domin abin da aka tono ba bisa ƙa'ida ba ya rasa labarinsa har abada. Amma littafin Dakta Bala Usman da Turanci yake, yana kan kanta a jami'a. Matar aure a Sabuwa da take karanta littafinmu a waya bayan ta kwantar da yara ba za ta taɓa buɗe shi ba. Mu take karantawa. Idan masana sun haƙa rijiya, ai mu ne 'yan garuwa.

Wasu kuma za su ce ba zai sayu ba, makaranta soyayya suke so. To wa ya ce a cire soyayya? Mutanen nan namu su ne suke kwana kallon fassarar finafinan tarihin Turkawa da na sarakunan Indiya, sun haddace sunayen jaruman wasu ƙasashe da na dawakansu. Ashe ba tarihin ne ba sa so ba, namu ne ba a dafa musu shi da gishiri ba.

Kwanakin baya na ci karo da labarin wani kufai a Italiya mai suna Monterano, arewa da birnin Rum. Gari ne na tsakiyar zamani wanda zazzaɓin cizon sauro ya raunana, sojojin Faransa suka ƙarasa shi a 1799, wato 'yan shekaru kaɗan kafin faɗuwar 'Yandoto. A kewayensa akwai kaburburan Etruskawa, mutanen da suka riga Rumawa ƙarfi a wannan yanki, kamar dai yadda Durɓawa suka riga Korau. Su sun kewaye nasu sun mai da shi wurin ziyara, ana ɗaukar finafinai a ciki, manyan makabartun Etruskawa na Cerveteri da Tarquinia kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya a 2004. Za a ce ai nasu na dutse ne, namu na ƙasa. Haka ne, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa namu ya fi buƙatar gaggawa. Ginin dutse yana jiran jikoki. Ginin ƙasa kuwa kowace damina da rabonta a jikinsa, in ba a riƙe shi a baki da takarda ba, shi ke nan.

Akwai magana ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi, kuma wani abokina ya faɗa mini ita ido da ido. Ya ce, "Malam, ana kashe mutane kana zancen tsingaro?" Ban ga laifinsa ba. Mu mutanen wannan yanki mun ga abin da ba a fatan maƙiyi ya gani. A watan Yunin 2020 an kashe gomman mutane a Kadisau ta ƙasar Faskari. A daren 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka karɓo su. A Yulin 2022 sunan 'Yandoto ya cika gidajen rediyo, ba don malamanta ba, sai don an naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka taɓa shelar nema ruwa a jallo, sarauta a 'Yandoton Daji, abin da ya sa gwamnatin Zamfara ta dakatar da sarkin garin a lokacin. Hanyar da muka bi ni da Kawu muna cin gyaɗa muna hira ta zama hanyar da mutum yake yin sallama da iyalinsa kafin ya hau ta.

To amma ga amsata ga abokina. Zancen tsingaro da zancen mutanen da ake kashewa magana ɗaya ce. 'Yandoto ba da kanta ta zama gona ba. Wata rana ce mata suka goya 'ya'yansu suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka, suna cewa gobe ko jibi za mu dawo. Abin da matan ƙauyen Kawu suka faɗa ke nan. A yau tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai garuruwan da suka kama wannan hanya, wasu an fara komawa, wasu har yanzu sai tsuntsaye. Bambancin kawai shi ne mutanen waɗannan sababbin kufai suna raye. Suna Funtuwa, suna Malumfashi, suna Katsina da Kano da Zariya, wasu a kangon gini, wasu a shagon haya. Tsofaffinsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya da baƙin ciki, kuma kowane ya tafi da taswirar garinsu a ƙirjinsa. Yaron da aka fito da shi a goye yanzu ya isa shiga firamare, bai san gabas ɗin garinsu ba.

Saboda haka ga roƙona ga 'yan'uwa marubuta maza da mata, da ku makaranta. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. A nemi dattijo ko dattijuwa daga cikin waɗanda aka tasa, a gaishe su yadda ya kamata, a nemi izininsu, a zauna. A tambaye su wa ya sari garin, daga ina ya zo, unguwa nawa ce, ina rijiya, ina maƙabarta, ina marina, wace rana kasuwa take ci, gonar wane ta yi iyaka da ta wane, wace bishiya ce shaida. A rubuta a ajiye, a ba iyalinsu kwafi. Wannan ba aikin nishaɗi ba ne kawai. Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya na dindindin aka koma, rigimar da za ta biyo baya ita ce ta iyakar gona da ta fili, kuma takardar da ɗan sakandare ya rubuta daga bakin tsoho tana iya kashe wutar da za ta ci zumunci. Bayan haka sai mu ɗauki abin da muka ji mu gina labari a kai, mu sauya sunaye don kare mutuncin mutane da lafiyarsu, mu sa wa Hajara da Isiyaku soyayyarsu a cikin garin da ya tashi. Su kuma hukumomi da masarautu, in an tashi gyara, a tuna da kafa ko da allo ne a bakin waɗannan tsofaffin wurare, a kuma riƙa kai 'yan makaranta Durɓi ta Kusheyi da gidan tarihi na Katsina, su gani da idonsu, tunda an ce gani ya kori ji.

Ni dai na fara. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je Funtuwa na zauna da Kawu tun hantsi har la'asar, waya tana tsakaninmu a kan tabarma. Ya lissafa mini gidajen garinsu ɗaya bayan ɗaya, daga bakin kuka har zuwa gidan Liman, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya zo kan gidan wani amininsa da aka kashe sai murya ta sarƙe, ya ce in kashe na'urar. Na kashe. Da ya natsu ya ce, "Kunna, ɗan nan. In ban faɗa ba wa zai faɗa?" Tsingaron nan da dattijon 'Yandoto ya sa na ɗauka kuwa, ban zo da shi gida ba, a nan na mayar da shi inda na same shi. Sunan dattijon ma ban tambaya ba, saboda ƙuruciya da girman kai, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake nadama har yau.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Wanda yake da labarin wani kufai a yankinsu, tsoho ko sabo, ina maraba da shi. In Allah ya kai mu mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.

Wassalam.